Shaidar AIGP ga lauya: ta ci kuɗinta?

IAPP, ƙungiyar ƙwararru kan kare bayanan sirri da ke Amurka, ta fara jarrabawar AIGP (shaidar ƙwarewa kan tsarin kula da ƙirƙirarriyar basira, wato AI) a 2024, don masu ba kamfanoni shawara kan dokokin ƙirƙirarriyar basira. Tambayoyi 100 ne na canki-canka, cikin kusan awa uku, a cibiyar jarrabawa ta kamfanin Pearson VUE ko daga gida ta intanet. Ana bayar da maki tsakanin 100 da 500, kuma sai da 300 ake ci. Kuɗin zama dala 799 ne, ko 649 ga ɗan ƙungiya, ban da kuɗin horo. Bayan an ci kuma, duk shekara biyu sai an tara makin ƙaro ilimi 20 kafin a sabunta shaidar.

Inda jarrabawar ta fi ƙarfi shi ne dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira da ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 2024. Karatun jarrabawar yana tilasta wa lauya ya iya raba na'urorin ƙirƙirarriyar basira bisa girman haɗarinsu, sannan ya gane matsayin kamfanin da yake wa aiki: shi ya ƙera na'urar, ko amfani kawai yake da ita? A nan ake yawan tuntuɓe. Kamfani zai sayi manhajar tantance masu neman aiki, ya liƙa mata sunansa ko ya yi mata babban gyara, yana zaton shi mai saye ne. Sashe na 25 na dokar ya mayar da shi maƙeri, duk nauyin takardun fasaha da gwaji ya dawo wuyansa. Lauyan da bai ga wannan ba tun kwangila tana kan tebur ya jefa kamfanin da yake wa aiki cikin tarar da kan kai yuro miliyan 15 ko kashi 3 na cinikin shekara. Abubuwan da aka haramta gaba ɗaya kuwa, tararsu ta kai miliyan 35 ko kashi 7.

Jarrabawar ta kuma ƙunshi tsarin kula da haɗari mai rassa huɗu na NIST, hukumar ma'aunai ta Amurka, da ISO 42001, ma'aunin ƙasa da ƙasa na tafiyar da ƙirƙirarriyar basira. Ba doka ba ne, amma da su injiniyoyi ke magana, kuma lauya na buƙatar yarensu.

Raunin a fili yake. Canki-canka ba ya koya wa mutum rubuta sharaɗin da zai hana mai sayar da manhaja horar da na'urarsa da bayanan abokan cinikinka, ko sharaɗin wa zai biya diyya idan ta yi kuskure, alhali wannan ne aikin yau da gobe. Kuma dokar Najeriya sai ka nemo ta da kanka. Sashe na 37 na dokar kare bayanai ta 2023 ya ba mutum damar ƙin hukuncin da na'ura ta yanke masa ita kaɗai, sashe na 28 ya wajabta auna haɗari tun kafin a fara sarrafa bayanai ta hanyar da ke da babban haɗari. Manhajojin bayar da bashi a waya duk wannan ya shafe su.

Lauyan da kamfanoninsa ke hulɗa da Turai, ko mai neman aiki a babban ofishin lauyoyi, ya biya, ba zai yi asara ba. Wanda duk hulɗarsa a gida take, ya fara ƙwarewa a dokar 2023 da umarnin hukumar kare bayanai ta Najeriya, NDPC, ya karanta dokar Turai kyauta a intanet, ya jinkirta jarrabawar har aikin ya buƙace ta.