Kwana 12 a kan babur daga Windhoek zuwa Victoria Falls: jagoran ya cece ni, ofishinsu ya ci kuɗina

Shekara biyu ina tara kuɗin wannan tafiya, don haka wanda zai karanta ya san da zuciya ɗaya na shiga. A watan Agustan 2024 muka tashi daga Windhoek, babban birnin Namibiya, mu tara a kan babura, da jagora ɗaya a gaba, da motar kaya tana biye da mu. BMW F 850 GS kamfanin da ya shirya tafiyar ya ba ni. Babur ɗin ba shi da laifi ko kaɗan, sai dai nauyi, ya haura kilo 200, ga shi a hannun hagu ake tuƙi a can. Kwana biyu na yi kafin hannuna ya saba.

Gandun namun daji na Etosha ba a barin babur ya shiga, sai muka ajiye su a masauki muka hau mota. Da daddare a bakin tafkin Okaukuejo, inda ake haska fitila, na ga karkanda da ɗanta suna shan ruwa. Na je Yankari ya fi sau biyar, amma karkanda sai a nan Allah ya nuna mini. Daga nan muka bi ta Rundu, muka ratsa gandun Bwabwata zuwa Katima Mulilo. Kwalta ce miƙaƙƙiya, har barci take neman sa mutum.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi a rana ta tara ya faru. Mun tsallaka iyaka a Ngoma muka shiga Botswana, inda suka sa muka taka ruwan magani da takalmanmu saboda cutar dabbobi, ga wasu manyan itatuwan kuka a bakin ofishin kamar na garinmu. Daga nan hanyar Kasane ta cikin gandun Chobe take bi. Tun a ƙofa jagoran ya tara mu ya ce: in ya ɗaga hannu kowa ya tsaya, kar a danna ham, kar a murɗa totur, kar a kashe inji. Na ji, amma a raina na ce ai kwalta ce, motoci na ta wucewa.

Wajen la'asar ya ɗaga hannu. Garken giwaye ne ke tsallaka titi za su gangara kogi, sun kai ashirin, shiru kamar ba masu nauyi ba. Ba ka jin komai sai ƙarar reshe in sun taka. Muka tsaya nesa muna kallo. Sun wuce duka, har na sa giya, sai ga wata uwa ta fito daga cikin kurmi ta gefena da ɗanta ƙarami, tsayinsa bai fi na tankin babur ɗina ba. Ni ne na ƙarshe a layi, ni ne kusa da ita. Ta tsaya cak, ta baza kunnuwa, ta ɗaga hanci, ta yi wata ƙara da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Na yi niyyar juya babur, tayar gaba ta sauka gefen titi cikin rairayi, sai ga ni a ƙasa, ƙafata ta dama a ƙarƙashin inji. Ta cikin gilashin hular kwano ina ganin ƙurar da take tayarwa da ƙafarta, ina ganin fatar gwiwarta duk tsaga-tsaga. Kalmar shahada kawai nake maimaitawa.

Jagoran bai yi ihu ba, bai taho da gudu ba. Hannu ya yi wa direban motar kaya, shi kuma ya lallaɓo a hankali ya gindaya motar tsakanina da giwar. Sannan ya zagayo ta bayan motar a ƙafa, ya dafa kafaɗata ya ce, "Alhaji, kar ka motsa, ɗanta take tsoro." Muka yi kamar minti uku a haka, wallahi sun fi mini awa tsawo. Ta girgiza kai, ta tura ɗan da hanci, suka bi sahun sauran. Shi da direban suka ɗaga babur, ya duba idon sahuna, ya ba ni ruwa, bai faɗa mini kalma ɗaya ta ganin laifi ba. Da dare a Kasane har ɗaki ya kawo mini ƙanƙara na ɗora a ƙafa. Washegari muka shiga kwalekwale a kogin Chobe, ga dorina, ga kada, ga ɓauna, ga giwaye suna iyo hancinsu kawai ke waje. An ce Botswana ta fi kowace ƙasa yawan giwaye a duniya, wanda ya ga Chobe ba zai yi musu ba. A ranar da an ce in ba kamfanin maki, da na cika musu ba ragi.

To amma da muka isa Victoria Falls ta ɓangaren Zimbabwe muka miƙa babura, sai labari ya sha bamban. Ƙarfen kariyar inji ya kurje, marfin akwatin gefe ya lotsa, hannun burki ya ɗan lanƙwashe. Shi ke nan. Jagoran da hannunsa ya rubuta yadda abin ya faru, ya ce in kwantar da hankalina. Bayan mako uku da dawowata gida sai na ga sun cire fiye da rabin kuɗin jinginar da na ajiye. Na rubuta musu sau huɗu ina neman rasit ɗin gyara. Amsa ɗaya na samu, wai ƙa'ida ce, kuma inshorar da na biya ƙari a kanta ba ta shafi akwatin gefe ba. Da ana karɓar kuɗin inshorar wa ya faɗa mini haka? Hanyar da suka zaɓa, lokacin da suka zaɓa, daidai sa'ar da giwaye ke gangarawa ruwa, sannan a ce asarar tawa ce ni kaɗai.

Tun da zancen ya zo, bari in faɗi na abinci, da na so in haɗiye. Tun a takardar rajista na rubuta ni Musulmi ne, ina buƙatar naman halal, suka amsa da cewa ba matsala. Dare uku ana gashi, naman shanu da tsiran alade a kan waya ɗaya, da ƙarfe ɗaya ake juya su. Tuwon masararsu da karfasa na riƙa ci, wani daren kuwa burodi da shayi. Shi ma jagoran ne ya fara shiga kicin da kansa yana sa a soya mini kifi a kasko daban, ofishin ko saƙon bai isar wa masaukan ba.

Abokaina na ƙungiyar masu babura a Kaduna suna ta tambaya ko su yi rajista da su. Na ce musu hanyar kam su je, ko bashi za su ci. Amma su ɗauki hoton kowane lungu na babur kafin su hau, su sa a rubuta musu abin da inshora ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya, su kuma tambayi wane jagora za a haɗa su da shi. Ni dai har yanzu ina jiran rasit ɗina, kuma gobe zan sake rubuta musu na biyar.