Gargaɗi ga masu zuwa kallon besbol a New York: kada a sayar muku da hoton tikiti

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuta, domin wanda aka damfara kunya ce take fara rufe masa baki. Daga baya na ga shiruna ba ya amfanar kowa sai ɓarawon. Ga abin da ya same ni, ni da ɗana, a ƙofar Yankee Stadium, filin wasan ƙungiyar besbol ta Yankees.

Ni da ƙwallon ƙafa na tashi, har yau ban gama gane dokokin besbol ba. Yarona kuwa a nan Amurka aka haife shi, wasan ya shiga jininsa. Tun 2022, shekarar da ɗan wasan Yankees Aaron Judge ya doka ƙwallo ta tsallake fili sau 62 a kaka guda, yaron ya ce shi ɗan Yankees ne har abada. Riga mai lamba 99, lambar Judge, ba ta barin jikinsa sai in za a wanke. Na yi masa alkawarin in ya ci jarrabawa zan kai shi ya gani da idonsa. Ya ci, alkawari kuma kaya ne.

Ya zaɓi wasansu da Red Sox na Boston, tsofaffin abokan hamayyarsu, kuma irin wannan wasa tikitinsa tsada gare shi. Na duba farashi na ji nauyinsa, ga kuɗin mai daga Columbus, inda muke zaune, ga na hanya. A nan neman sauƙi ya ja ni. A wani zaure na dandalin sada zumunta na ga wani mutum yana tallar kujeru biyu. Ya ce shi mai tikitin kaka ne, wato na duk wasannin gida na shekara, mahaifiyarsa tana kwance a asibiti, ba zai samu zuwa ba. Maganar ta kama hankali, domin Yankees suna buga wasa 81 a gida kowace kaka, kuma masu tikitin kaka na gaskiya suna sayar da ranakun da ba za su je ba. Da wannan gaskiyar 'yan damfara suke rufe ƙaryarsu.

Mutumin ya iya baki. Ya turo mini hoton yadda fili yake daga kujerar. Ya tambaye ni wane ɗan wasa yaron yake so, da na faɗa masa ya ce daga wurin za mu ga Judge kusa-kusa. Har addu'ar samun sauƙi na yi wa mahaifiyar tasa. Ya ce dala 140 duka biyun, kusan rabin abin da na gani a wasu wurare. Sannan ya ce akwai wani yana jira, in ina so in tura yanzu, kuma ta manhajar da ake tura wa 'yan'uwa da abokai kuɗi kai tsaye, wai don kada a cire masa kamasho. Na tura. Ba a yi minti biyar ba hotuna biyu suka shigo wayata, da kwanan wata, da sashe, da layi, da lambar kujera, da zanen nan da ake haskawa a ƙofa. Na nuna wa yaron, daren nan da ƙyar ya yi barci.

Mun yi kusan awa tara a hanya, muka sauka gidan yayana a Bronx, yankin New York da filin yake. Washegari muka hau jirgin ƙasa na D muka sauka a tashar titi na 161. Jama'a kamar ranar idi, kowa da hula mai tambarin ƙungiya. Muka bi layi a ƙofa ta 6, aka caje mu, muka iso gaban matar da take riƙe da na'urar haska tikiti. Ta haska, na'ura ta ƙi. Ta sake, ta ƙi. Ta karɓi wayar ta duba, ta ce in buɗe mata tikitin a cikin manhaja. Na ce ai ga shi nan. Ta dube ni, ta dubi yaron, ta sassauta murya ta ce wannan hoto ne kawai, ba a shiga da shi. Na koma gefe na kira lambar mutumin, a kashe. Na duba inda muke hira, ya toshe ni.

Abin da ban sani ba shi ne wannan, kuma shi nake so kowa ya riƙe. Tikitin wasannin nan yanzu a waya yake zaune, a cikin asusunka na manhajar MLB Ballpark ko na kamfanin da ya sayar da shi, kamar Ticketmaster. Zanen da ake haskawa ba a tsaye yake ba, yana canzawa da kansa, an yi shi ne don hoton da aka ɗauka daga fuskar waya ya zama banza. Mai tikiti na gaskiya in zai sayar maka, tura maka shi zai yi daga asusunsa zuwa naka ta adireshin imel, saƙo ya zo maka, ka amsa, tikitin ya bar hannunsa ya dawo naka. Duk wanda ya ce zai turo maka hoto ko takardar da za ka buga, ka sani hoto ɗaya yana iya sayar wa mutum ashirin. In kuwa tikitin hannu na biyu kake nema, akwai kasuwanninsa sanannu irin su SeatGeek da StubHub, waɗanda suke tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa. Kamashon da nake gudu, ashe shi ne kuɗin kariyata.

Saura kaɗan in faɗa rami na biyu a wurin. Muna tsaye cirko-cirko sai wani ya matso yana magana ƙasa-ƙasa, ya nuna mini takardu biyu a tafin hannunsa. Sun san fuskar wanda aka koro daga ƙofa, kuma sun san uba ba ya son komawa da yaro hannu rabbana. Har na sa hannu a aljihu, Allah Ya sa na kira yayana. Ya ce, "Kai, kada ka kuskura. Mayar da kuɗinka ka taho gida." Shi ya gaya mini dokar jihar New York ma ta hana sayar da tikitin hannu na biyu a cikin tazarar ƙafa 1,500 daga babban fili irin wannan. Wanda yake yi a bakin ƙofa ya riga ya karya doka, yaya za ka amince da takardarsa?

Muna tafiya tasha muka ji ihu ya tashi daga cikin fili, irin wanda ake ji har a ƙirji. Yaron ya tsaya ya waiwaya. Ya ce, "Baba, ba komai, ai mun ga filin." Wallahi da kuka ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na kira banki a daren. Suka karɓi ƙorafina, amma suka ce tunda da hannuna na tura kuɗin, samun su da wuya. Har yau ban ga ko sisi ba. Na ƙara kwana ɗaya, na sayi tikiti daga shafin ƙungiyar, can sama inda kuɗina suka kai, muka shiga wasan washegari. Mun je da wuri har yaron ya ga Monument Park, wani sashe na filin inda aka karrama tsofaffin gwanayen ƙungiyar irin su Babe Ruth.

Ina roƙon masu zuwa daga wasu jihohi, da baƙin da suke zuwa hutu daga gida a kai su kallo, ku tambayi mai sayarwa abu ɗaya kafin ku tura ko kwabo: zai tura tikitin cikin asusunku ta manhaja? In ya fara kwana-kwana, ko ya kawo zancen rashin lafiya da wani mai jira, ko ya dage sai an biya shi ta hanyar da ba a iya mayar da kuɗi, ku rabu da shi.

Na kai rahoton mutumin, an sauke tallarsa. Makon da ya wuce na sake ganin ta a wani zaure da wani suna daban, amma hoton kujerar shi ne dai wanda ya turo mini, kuma wannan karon matarsa ce a asibiti.