Hattara da mai tallar tof silindar Fijo a Facebook, N185,000 ya ci mini

Wallahi tun jiya nake rubutawa ina gogewa saboda kunya, amma gara in faɗa. N185,000. Ban da N12,000 na kuɗin mota da ya ce in ƙara. Ni da nake yi wa mutane faɗa kan sayen kaya ba a gani ba.

Motar Fijo 504 ce ta Baba, Allah ya jiƙansa, haɗin Kaduna, injin lita 2. Ta tafasa mini a hanyar Daura gab da Mashi, na yi kasada na ƙarasa da ita a haka, tof silinda, wato murfin saman injin, ya tsage tsakanin bawul biyu (ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi). Bakanikena na wajen Ƙofar Ƙaura ya ce walda ba za ta riƙe ba, a nemo wani. Wata biyu ina nema. Duk wanda aka samo ko an kankare shi har ya sirance, ko gishirin ruwa ya cinye hanyoyinsa. A nan ne wannan bawan Allah ya shigo mini ta saƙo, bayan na yi cigiya a wani zauren masu tsofaffin motoci na Facebook.

Kuma kada wani ya ce ban yi tambaya ba. Na yi. Da bakinsa ya ce mini ba na 504 ba ne, daga Renault 20 aka ciro shi, ya shigo ta Maraɗi. Na ce to ya za a yi na Renault ya hau Fijo? Sai ya yi wata 'yar dariya, har yanzu ina jin ta a kunnena, ya ce: "Haba Alhaji, ai uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Je ka bincika, in na yi ƙarya kar ka turo ko sisi." Je ka bincika. Wannan kalmar ce ta kashe ni.

Na kuwa bincika. Gaskiya ne Peugeot (Fijo) da Renault sun haɗa masana'antar inji a garin Douvrin na Faransa, kuma injin da ke cikin Renault 20 mai lita 2 an sa irinsa a wasu Fijo 505. Faɗin silindarsa milimita 88, na motata ma milimita 88. Har bidiyo ya turo yana aunawa. Wa zai ga haka bai yarda ba? Ku faɗa mini tsakani da Allah.

Abin da bai faɗa ba, ni kuma ban kai can ba, inji biyu ne daban. Nawa samfurin XN ne, girmansa cc 1971, bulok (gangar jikin injin) na baƙin ƙarfe, kamshaf ɗinsa, wato sandar da ke sarrafa buɗewar bawul, yana ƙasa cikin bulok, sarƙa ke juya shi, wasu siraran sanduna da ake kira fush rod ke tura bawul. Wancan cc 1995 ne, aluminiyam gaba ɗaya, kamshaf a sama cikin tof ɗin, bel ke jan sa. Ko ramin da fush rod zai bi babu a jikinsa. Bakaniken bai ma gama kwance buhun ba ya ɗago kai ya dube ni, ya ce "Yallaɓai, wa ya sayar maka da wannan?" A gaban yaransa. Ɗaya har ya juya baya don kar in ga yana dariya. Bakaniken ya ɗora gaskit ɗin 504, wato shimfiɗar da ke shiga tsakanin tof da bulok, a kai don in gani da idona, ramukan ruwa da na mai kowanne ya kama gabansa.

Na manta ban faɗa ba, kafin in tura kuɗin na kira bakaniken sau biyu bai ɗauka ba, yana Juma'a. Ko Alhamis ce ma? A'a, Juma'a ce, don mutumin yana ta matsa mini wai wani daga Zariya ya taya N200,000, darajar marigayi kawai yake dubawa. Ni na ba shi labarin Baba da bakina, ya juya ya yanka ni da shi. Na fara tura N100,000, ya turo hoton buhu a tasha, na cika N85,000. Sai na mota ya biyo baya. Ya rantse har da cewa in bai hau ba in maido, kuɗina na nan ba ya taɓawa.

Da na kira, ya ce bakanikena ne bai iya aiki ba, a ɗan huda a gyara. A huda me? Washegari ya ce yana ta'aziyya. Kwana uku ke nan layi a kashe, ya toshe ni a saƙon Facebook da WhatsApp. Wai ma da aka wanke shi da fetur, shi kansa tof ɗin a lanƙwashe yake, ko mai Renault ba zai amfana da shi ba. N185,000!

Duk wanda zai sayi tof, ya tafi da tsohon da gaskit a hannu, a ɗora a gani, sannan kuɗi. Kar ku yarda da "ai duk ɗaya ne".

Hotunan hirarmu da rasit ɗin tiransfa da bidiyon awon duk suna wayata, zan ɗora su da dare in an kawo wuta. Na ga har yanzu yana tallar wani a zauren, yanzu kuma wai na 404. Nawa yana nan zaure a cikin buhunsa, Hajiya ta tambaye ni yau da safe yaushe za a tada motar Baba, na ce mata ana kan aiki.