Ɗamarar ƙirji ko agogon hannu: amsa ga mayen lissafi

Ɗan'uwa mai tambayar wanne ya fi auna bugun zuciya wajen gudu, agogo ko ɗamarar ƙirji: sayi ɗamarar, ka haɗa ta da wayarka, shi ke nan.

Tunda ka ce sana'arka rubuta manhaja ce, na san alƙaluman za su fi gudun kansa ɗauke maka hankali. Ba a kanka farau ba. Alan Turing, gwanin lissafin nan na Ingila da ya aza harsashin ilimin kwamfuta, ya yi gudun famfalaki a 1947 cikin awa 2 da minti 46. Wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta Landan a 1948 bai fi shi da komai ba sai kamar minti 11. Gudu wasa ne da komai nasa ke aunuwa: nisa, lokaci, taku, bugun zuciya. Shi ya sa irinmu ba ma iya barinsa.

Ni ɗamarar Polar H10 nake ɗaurawa. Tana karanta wutar lantarkin da zuciya ke fitarwa ne ta fata, irin yadda na'urar asibiti ke yi. Kafin ka ɗaura, ɗan jiƙa cikinta da ruwa, in ba haka ba za ta yi ta sambatu har sai ka fara gumi. Ranar da na fi jin daɗinta, na yi ta hawa gangare a guje ina saukowa a hankali. Da na dawo na zuba bayanan a Excel, sai ga kowace hawa ta fito da ƙololuwarta, kowace sauka da kwarinta, tsaf kamar haƙoran zarto. Ko wanka ban yi ba na zauna ina kallon zanen. Batirin ɗamarar ɗan ƙarami ne mai siffar kwabo, yana wata da watanni.

Agogon kuwa, na taɓa saya, yana can cikin durowa. Koren haske yake harbawa cikin fata, kuma da hannu ya fara girgiza yakan ruɗe ya kama ƙirga takunka, sai ka ga bugu 170 a minti alhali ko haki ba ka yi. Ya dai iya nuna lokaci da nisa ba sai ka ciro waya ba.

Ba ka tambaya ba, amma a kula da 'yan damfara. Akwai agogunan bogi da lamba kawai suke jefowa. Ka aza shi a kan tebur, in ya ce tebur na da bugun zuciya, mayar musu. Wasu an rubuta GPS a kwali, ashe na wayarka suke ara. Wanda ya ce nasa na auna sukarin jini ba tare da huda fata ba, ƙarya yake. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a kan haka a Fabrairun 2024.

In za ka riƙa ɗora gudunka a Strava, manhajar da masu gudu ke nuna wa juna gudunsu, shiga saiti ka ɓoye inda kake farawa da inda kake ƙarewa. A 2018 taswirarsu ta tona wuraren sansanonin soja saboda gudun da sojoji ke ɗorawa, balle ƙofar gidanka.