After Effects, Fusion ko Blender: wanne zai fisshe ka a Accra?

'Yan uwa masu haɗa bidiyon aure da suna da tallar shago daga Nima zuwa Madina, kafin ku ga sabon abu a YouTube ku ce lallai sai kun mallake shi, ku fara buɗe laftof ɗinku ku duba RAM, wato ma'ajiyar da inji ke aiki da ita, nawa ne a ciki. Don galibin sabbin abubuwan nan da ake ta zuzutawa na AI ne, kuma AI ɗin nan ci gare shi, in injinka ba shi da ƙarfi sai dai ka zauna kana kallon allo yana tunani.

Mu fara da After Effects na Adobe tunda shi kowa ya sani. Gaskiya 'yan shekarun nan sun yi gyara. Tun 2021 suka kawo Multi-Frame Rendering, wato ya riƙa amfani da duk ƙarfin furosesa lokaci ɗaya maimakon ya bi firem ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa fitar da aiki ya ƙara sauri. A 2023 kuma aka fito da Roto Brush na uku, wanda ke yanko mutum daga bayansa ba tare da koren kyalle ba, kuma yana kama gashi da gefen mayafi fiye da na da, duk wanda ya taɓa kwana yana bin gefen gyalen amarya da hannu firem-firem ya san darajar wannan. Sannan yanzu kana iya jefa abu mai 3D irin GLB kai tsaye, ka haska shi, ka juya shi, ba sai ka fita zuwa wata manhaja ba. Content-Aware Fill ma yana nan tun 2019 don goge wayar lantarki ko wani da ya gifta a bayan ango.

Matsalar kuɗi ce. Ba a sayensa a huta, haya ce, wajen dala 23 duk wata in ka ɗau tsarin shekara, kai kuma kwastomanka da sidi yake biyanka ta MoMo, wani ma sai bayan Sallah. In dala ta hau kuɗin ya hau, watan da babu biki ma sai ka biya, kuma sai da katin banki. Ga wani tarko, in ka shiga tsarin shekara ka ce za ka fita a tsakiya, rabin kuɗin watannin da suka rage za su caje ka. RAM kuwa 16GB ne mafi ƙaranci da su kansu suka faɗa, 32GB shi ne kwanciyar hankali.

To wa ya kamata ya biya? Wanda ke karɓar aiki daga kamfanonin talla ko gidan talabijin, don su fayil ɗin After Effects za su turo maka, kuma shi suke so ka mayar musu. Haka wanda abincinsa rubutu mai motsi ne da tambari, domin tamfilet da darussa sun fi yawa a nan nesa ba kusa ba.

Sai DaVinci Resolve na Blackmagic Design, wanda ni dai shi nake nuna wa yara masu tasowa. Fusion, wato ɓangaren haɗe-haɗen hotuna, yana cikinsa tun sigar 15 a 2018, kenan a wuri ɗaya za ka yanka bidiyo, ka gyara kala, ka gyara sauti, ka yi haɗe-haɗe. Na kyauta yana fitar da har Ultra HD, ya ishi duk wani aikin Facebook da TikTok da ma abin da ya fi haka. Studio kuwa, wato na kuɗi, dala 295 ne sau ɗaya, lissafa ka gani, bai kai hayar wata goma sha uku na After Effects ba. Sigar 19 ta 2024 ta zo da IntelliTrack mai bin abu yana motsi, sigar 20 ta 2025 ta kawo Magic Mask na biyu, ka danna kan mutum ya ware shi. Amma a kula, wannan Magic Mask ɗin na Studio ne, babu shi a na kyauta, mutane da yawa sai sun ƙona data sun sauke kafin su gane.

Abin da ke korar mutane daga Fusion shi ne tsarinsa. After Effects leya-leya ne, ɗaya bisa ɗaya, Fusion kuwa akwatuna ne da ake haɗawa da layi, kamar mai gyaran wuta yana jan waya daga mita zuwa ɗakuna. Makon farko kai zai yi zafi. Amma in aiki ya yi yawa, misali ka cire koren kyalle, ka sa masallaci a baya, ka ƙara hayaƙi da haske, a nan za ka ga kowane abu a fili, ka san inda matsala take. Rubutu mai rawa dai har yanzu ya fi sauƙi a Adobe, wannan ba gardama. Kuma Resolve katin girafik yake so, laftof ɗin ofis da aka sayo a Circle mai 8GB ba tare da katin NVIDIA ko makamancinsa ba zai wahalar da kai. In za ka je Tip Toe Lane sayen laftof, ka sa a kunna maka injin ka ga sunan katin da idonka, kar ka tsaya ga sitikar da ke jiki.

Wani ɗan abu da ya shafe mu, dumsor, wato ɗauke wuta. Resolve yana da Live Save mai ajiye aiki kana cikin yi, After Effects kuwa asali duk minti 20 yake ajiyewa, ka shiga saiti ka rage in destof kake amfani da shi ba UPS.

Blender kyauta ne gaba ɗaya, kuma ba wasa ba ne, fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya da ya ci Oscar a 2025 da shi aka yi. Sigar 4.2 ta 2024 ta sabunta EEVEE, injinsa na fitar da hoton 3D, ta kuma sa haɗa hotuna ya riƙa amfani da katin girafik. In kwalbar turare ko tambarin shago kake so ya yi juyi a 3D, nan ne gidan. Amma kar ka ce da shi za ka yanka bidiyon aure na awa biyu, haɗa shi da Resolve.

Nuke na manyan kamfanonin fim ne, akwai na koyo kyauta amma ba a yarda ka yi kasuwanci da shi ba, ka bar shi sai in waje kake hari. Mai Mac yana da Motion na Apple a dala 50 sau ɗaya. CapCut ya isa gajeren talla na waya, iyakarsa kenan.

Manhajar fasa-ƙwauri da ake zuba wa mutane a filashi kuwa, ban ba ka shawara ba, takan zo da bairos, kuma aikin mutane ne a injin naka.

In 8GB gare ka, kuɗin da za ka kashe a manhaja ka ƙara RAM da SSD da shi tukuna. In kana da 16GB da katin girafik, sauke Resolve na kyauta ka yi aiki biyu-uku da shi, ranar da yankan mutum da hannu ya fara cinye maka dare sai ka tara na Studio.