Injin fizga ko injin yanka: wanne ya dace da takardar listin?

Wani ɗan'uwa daga Garwa, a arewacin Kamaru, ya tambaya. Yana buga faktir, wato takardar shaidar ciniki, kusan 40,000 a wata a kan takardar listin, wato doguwar takardar nan mai naɗi gaba da baya da ramuka a gefe biyu, faɗinta milimita 240, tsawon kowace faktir inci 12. Mafi yawa falle ɗaya ce mai giram 80 da ake ninkewa a saka a ambulan, saura otokopiyan ce, wato mai kwafe rubutu da kanta ba tare da kabon ba, mai falle uku da ake ɗaurewa hamsin-hamsin. Yara ke yagewa da hannu, ƙirga na yawan ɓaci. An yi masa tayin injuna biyu da aka riga aka yi amfani da su, na fizga da na yanka, yana son sanin wanda zai ɗauka.

Malam, fara cire sauri daga lissafinka, domin da shi dillali zai ja ka. Ko da faktir 3,000 kacal inji yake fitarwa a awa, aikinka na wata bai wuce awa 14 ba, kuma dukkan biyun sun fi haka. Abin dubawa shi ne abin da kowane ya dogara da shi. Na fizga ya dogara da layin tsaga da kamfanin takarda ya huda tsakanin faktir da faktir. Na yanka babu ruwansa da wannan layi, shi ramukan gefe yake ƙirgawa, kuma yana son wuta mai tsayawa wuri ɗaya.

Injin fizga, wanda masu Faransanci ke kira ruftar, ba shi da wuƙar yanka a tsakiya. Rola biyu na shiga suna tafiya a hankali, rola biyu na fita suna gudu fiye da su. Da bakin takarda ya shiga na fita, sai ta miƙe tsam, sandar da ke tsakani ta danna layin tsaga, ta rabu. Saitinsa ɗaya ne babba: tazarar da ke tsakanin rolan biyu, yadda layin tsaga zai zauna daidai kan sandar a lokacin fizga. Injin yanka kuwa yana da haƙoran ja irin na firinta Epson LQ, yana jan takarda daidai tsawon da ka ba shi, ya tsaya, wuƙar sama ta sauko kan ta ƙasa. Irin wannan aka san Böwe na Jamus da Kern da Hunkeler na Suwizalan da ƙerawa.

Tsawon nan shi ne inda sababbin hannu ke ɓarna. Tsakanin rami da rami rabin inci ne, milimita 12.7, saboda haka faktir mai inci 12 tana da ramuka 24 a gefe, mai inci 11 tana da 22. Ƙirga da idonka, kada ka dogara da rubutun kwali. Idan ka bar saiti a kan 11 alhali takarda 12 ce, na fizga zai cushe nan take ka gane, amma na yanka zai ci gaba da aikinsa lafiya ƙalau yana matsawa inci ɗaya a kowace faktir, kafin ka waiga ya raba lambobin siriyal gida biyu. Takarda ce mai lamba, ba a mayar da ita.

Wajen gefe kusan duk ɗaya suke. Kowane yana da ƙananan wuƙaƙe masu juyi da ke cire zirin ramuka, wanda ake kira karol. Don ka sami faɗin 210 daga 240, shigo da kowace wuƙa milimita 15. Ka tanadi buhu, domin faktir 40,000 takarda ce mai tsawon sama da kilomita 12, zirin gefe biyu ya ninka haka, kuma in ya taru a ƙasa komawa yake yi ya naɗe a jikin rola.

Mai falle uku ita ce ke son natsuwa. Abin da ke riƙe fallayen yawanci ƙananan cizo ne da aka yi a kan zirin gefen nan. Ka cire gefe biyu, ka cire abin riƙo, fallayen uku, fara da ja da rawaya, su fito kowace da hanyarta. In ana son saitin ya zauna tare har hannun direba, cire gefe ɗaya kawai. In kuma fara za ta je wa mai saye, sauran su je ofishin lissafi, to injin warewa ne farko, ya raba fallayen kowane ya sake naɗuwa a tarinsa, sannan a fizge ko a yanka kowane daban. A nan na yanka ya ɗan fi, saboda ba ya matsa fuskar takarda. Bayan fallen sama na otokopiyan shafe yake da ƙananan ƙwayoyin tawada masu fashewa da matsi, shi ya sa rolan fizga da aka ɗaure da ƙarfi ke barin layuka masu duhu a fallen ƙasa. Maganinsa a sassauta rola har ya fara zamewa, sannan a ƙara kaɗan. Akwai kuma sharaɗi: layin tsaga na fallaye ukun ya zama a kan juna. In ɗaya ya goce, sama za ta rabu ƙasa ta yage a karkace.

Sai ƙirga, wadda ita ce asalin ciwon kanka. Na yanka yana ƙirga saukar wuƙa, kowace sauka faktir ɗaya, da wuya ya yi ƙarya. Na fizga yana ƙirgawa da idon lantarki a bakin fita. In biyu suka fita a haɗe ba su rabu ba, ɗaya zai ƙirga, in ƙura ta rufe idon kuma sai ya tsallake. A dukkan biyun, tambayi ko akwai ƙirgar ɗauri, wato ka saka 50, in ta cika bel ɗin fita ya yi tsalle ya bar tazara ko injin ya dakata. Wanda jimilla kawai yake nunawa bai raba ka da yaran nan ba. Duba kuma yadda takarda ke sauka: in fuska sama take faɗowa, lamba ta 1 tana ƙasan tari, ta 50 a sama, kuma mai lissafin kuɗi ba zai so haka ba. Hanya mai sauƙi ta tabbatarwa ita ce sikeli. Falle mai 210 da inci 12 a giram 80 yana da nauyin giram 5 da ɗan ɗoriya, ɗaurin hamsin kusan giram 256, don haka sikeli mai nuna giram ɗaya-ɗaya zai tona ɗaurin da ya rasa falle. Ka riƙa gwadawa da ɗaurin da aka ƙirga da hannu a ranar, tunda takarda na shan laima a damina.

Ninki kuwa aikin inji na uku ne, babu ɗayan biyun da ke yinsa shi kaɗai. Inci 12 milimita 304.8 ne, a kasa uku ya ba da 101.6, ya shiga ambulan mai 110 da 220. In ninkin wasiƙa za ka yi, ɓangaren da ke shigewa ciki ya gaza sauran da milimita ɗaya ko biyu, in ba haka ba zai tanƙware. Takardar da aka fizge tana fitowa da baki mai gashi da tsohon lanƙwasa, wannan ta karkata sama waccan ƙasa, shi ya sa injin ninki ke ɗaukar biyu-biyu. A fifita tarin, a buga shi a tebur, a danne shi da nauyi ya kwana. Na yanka mai sara biyu yana cire siririn ziri, kashi ɗaya cikin shida na inci, wanda ya haɗa da layin tsaga da lanƙwasar, takarda ta fito sumul. Sai dai tsawonta ya koma 300.6, dole ka sake saitin farantan ninki.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. A hunturu ƙura na sa robar rola ta yi santsi, iska ta bushe takarda ta riƙa mannewa juna, fizga ya soma kuskure. A goge rola da tsumma mai ɗan danshi kowace safiya, ban da fetur, yana busar da roba ta tsattsage. A watan Agusta takarda ta yi laushi, layin tsaga ya riƙa miƙewa maimakon tsinkewa, don haka kada a buɗe ledar kwali sai ranar aiki, kada kuma a ajiye shi a kan siminti. Na yanka bai damu da wannan sosai ba, damuwarsa wuta. Kwakwalwarsa ba ta jure hawa da sauka, musamman lokacin da ruwan madatsar Lagdo mai ba Garwa wuta ya ja baya ana komawa janareta. In katin kwakwalwar ya ƙone, sai an nemo daga Turai, ya sauka Duwala, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, ya biyo mota. Wuƙarsa ma ba a kai ta wurin mai wasa a kasuwa, dutse busasshe na kashe ƙarfen. Na fizga kuwa bel ne da boris da rola, makanikin kirki zai iya da shi. Kowanne ka duba farantin bayansa: in an rubuta 120V da 60Hz, wato ƙarfin wuta da saurin juyinta, na Amurka ne, taransifoma zai gyara ƙarfin wutar amma motar da ke juya injin za ta yi nauyi ta riƙa zafi a kan wutarmu mai 50Hz.

A aikinka, tunda tsawo ɗaya ne kullum, mu na fizga za mu ce ka ɗauka, da sharaɗin gwaji. Kai takardarka, ba ta mai sayarwa ba, daga kwali uku daban-daban, 500 daga kowane, har da mai falle uku. In sun rabu ba yaga, fallen ƙasa ba tabo, ƙirga ta zo daidai da lambar siriyal, biya. In kwali ɗaya ya ƙi, kuma ba ka da ikon tsayawa kan mai kawo takarda guda, to koma kan na yanka, ka sa wuƙar ajiya da regilata, wato na'urar daidaita ƙarfin wuta, cikin ciniki tun kafin a ɗora shi a mota.