29 da 30: maƙwabta ne, amma hali ya bambanta

Malam, ka ce yarinyarka da ke ƙaramar sakandare a Tudun Wada ta zo da aikin gida, an ce ta bambance 29 da 30, kai kuma abin da ka gani shi ne ɗaya mara ce ɗaya cika. Haka ne, amma malaminta ba nan yake so ta tsaya ba.

Mu fara da 30. Ka duba kiret ɗin ƙwai a kasuwar Sabon Gari, layi biyar ne, kowanne da ƙwai shida. Za ka iya raba shi ga mutum 2, 3, 5, 6, 10 ko 15, kowa ya tashi da rabo daidai. Ka haɗa da 1 da ita 30 ɗin kanta, lambobi takwas ke nan suke raba ta ba saura.

To, a ce ɗaya ya fashe a Keke kafin a kai Samaru, saura 29. Raba biyu, saura ɗaya. Raba uku, saura biyu. Raba biyar, saura huɗu. Babu mai raba ta sai 1 da ita kanta, irinta ake kira firam a aji, kuma ita ce ta goma a jerinsu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29. Kada yarinya ta wahalar da kanta tana gwaji har 28. Tunda 6 sau 6 ya ba da 36, ya zarce 29, da akwai mai raba ta da tuni ta bayyana a ƙasa da 6. Ita kuwa 30 da firam aka gina ta, 2 sau 3 sau 5, kuma babu lambar da ta fi ta ƙanƙanta cikin masu firam uku daban-daban.

Inda yara ke zamewa shi ne ɗaukar kowace mara a matsayin firam. Ai 9, 15, 21 da 27 duk mara ne, kuma duk suna rabuwa. Wadda ta fi kayar da mutane ita ce 91, da ganinta ka rantse ba ta rabuwa, alhali 7 sau 13 ce. Sannan 2 cika ce amma firam, ita kaɗai. 1 ba ta cikinsu.

Akwai wani ma'aunin kuma, wanda ni ya fi burge ni. Ka haɗa jimillar masu raba lamba, ban da ita kanta. Na 30 sun ba da 42, sun fi ta, sai a ce mai yalwa ce. Na 29 kuwa 1 ce tak, mai giɓi ke nan. Maƙwabciyarsu 28 ce ta faɗo daidai wa daida, 1, 2, 4, 7 da 14 sun koma 28 cif, shi ya sa ake ce mata kammalalliya. Irinta ba su da yawa, huɗun farko su ne 6, 28, 496, 8128.

Yarinyar ta kuma lura 31 ma firam ce, wato 30 tana tsakanin tagwaye, firam biyu da lamba ɗaya ce kawai a tsakaninsu. Masanin lissafi Yuklid na Iskandariyya ya tabbatar tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa cewa firam ba su da iyaka. Ko tagwayen nan su ma ba su ƙarewa, wannan har gobe masana lissafi ba su warware shi ba.